Ƙarin tushen ƙwaƙwalwa: me gwajin sababbin magunguna ya nuna, me kuma bai nuna ba?

Sau da yawa abin yana farawa ne daga ido. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai, lafiyarsa ƙalau, sai a wayi gari a ga idonsa ɗaya ya karkata wajen hanci, in zai kalli abu sai ya sa hannu ya rufe shi, domin komai bibbiyu yake gani. Bayan 'yan kwanaki ya fara tangaɗi yana faɗuwa a inda bai saba faɗuwa ba. Gefen bakinsa ya saki, in ya sha ruwa ya sarƙe shi. Kafin wata guda ya cika an kai shi an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar MRI, kuma daga hoton nan kaɗai ƙwararren likita kan gane abin da ke gabansa. Sunan cutar a taƙaice DIPG, wato sankarar da ke bazuwa a cikin tushen ƙwaƙwalwa.

Sai an san wurin kafin a fahimci dalilin da ya sa ta gagari likitoci. A ƙasan ƙwaƙwalwa, ta wajen ƙeya, akwai wani guntun sashe da ya haɗa ƙwaƙwalwa da lakar da ke bin ƙashin baya. A tsakiyarsa akwai wani kumburi da tsawonsa bai wuce santimita biyu da rabi ba, masana suna ce masa fons, kalmar Latin ce mai ma'anar gada. Sunan ya dace da shi. Kusan duk saƙon da ƙwaƙwalwa za ta aika wa hannu da ƙafa ta kan gadar nan yake bi, kuma a cikinta ne jijiyoyin motsa ido da fuska da tauna suke da tushe, har ma da wani ɓangare na abin da ke daidaita numfashi. Shi kuma wannan ƙari ba dunƙule yake zama wuri guda ba, balle a yanke shi a fitar. Ƙwayoyinsa suna kutsawa ne tsakanin lafiyayyun jijiyoyi, su cakuɗe da su kamar an zuba yashi cikin ciyawa. Duk wuƙar da za ta cire shi, da gadar za ta tafi.

Cutar ba ta da yawa. A Amurka yara kamar 200 zuwa 300 ake samu da ita a shekara, akasarinsu tsakanin shekara 5 zuwa 10. Amma alƙalumanta masu nauyi ne. Idan aka ɗauki yara ɗari da aka gano musu cutar rana ɗaya, kafin wata 9 zuwa 11 rabinsu sun rasu, waɗanda za su kai shekara biyu kuwa da ƙyar su cika goma. Abin da ya fi ci wa iyaye rai shi ne yaron yana cikin hayyacinsa: jiki na ƙin bin umarni, magana na ɗaukewa, amma yana sane da duk abin da ke faruwa.

Magani ɗaya ne aka tabbatar yana taɓa cutar, shi ne gashi, wato a saita wa ƙarin wani haske mai ƙarfi daga na'ura don ya kashe ƙwayoyin sankarar. Akan jiƙa wata raga ta roba a ruwan ɗumi har ta yi laushi, a shimfiɗa ta a fuskar yaron ta ɗauki siffarsa, in ta sandare sai ta zama abin da za a riƙa ɗaure kansa da shi a jikin gado kullum, don kada ya motsa ko da milimita ɗaya. Ƙananan yara sai an sa su barci a kowane zama. Zama talatin ne cikin mako shida. Yawancinsu suna samun sauƙi sosai, ido ya miƙe, tafiya ta dawo, wasu har su koma makaranta. Sai dai bayan 'yan watanni ƙarin yakan farfaɗo. Abin da gashi ke ƙara wa rayuwa bai wuce wata uku ba a ƙiyasi. A wani asibitin sankarar yara da ke Alƙahira an raba yara 71 gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka yi wa wasu zama 13 maimakon 30, kuma sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna bambancin ba shi da yawa. Ga iyalin da kwanakinsu ƙidayayyu ne, rage mako uku na zirga-zirgar asibiti ba ƙaramin abu ba ne.

Neil Armstrong ya rasa 'yarsa mai shekara biyu da wannan cuta a watan Janairun 1962, kuma gashi aka yi mata. Shekara bakwai bayan nan ya taka duniyar wata. Aka yi rabin ƙarni a kan haka, yaron da aka kawo asibiti a 2012 maganin da aka ba yarinyar nan shi za a ba shi, sai dai na'urorin sun fi iya saiti.

Ba wai an naɗe hannu ba ne. An yi gwaji fiye da ɗari biyu, ana haɗa gashi da magunguna iri-iri, babu wanda haƙarsa ta cimma ruwa. Har temozolomide, wanda ke ɗan tsawaita rayuwar manya masu sankarar ƙwaƙwalwa, bai tsinana komai ba a nan. Daga baya aka gane inda gizo yake saƙa: shekara da shekaru ana ba yara magungunan da aka tsara domin wata cuta daban, bisa zaton cewa sankarar yaro ƙaramar sankarar babba ce. Dalilin wannan laluben cikin duhu kuwa shi ne babu wanda ke riƙe da naman ƙarin. Tun farkon shekarun 1990 aka daina ɗebo shi don gwaji, tunda hoton MRI ya isa a gane cutar, kuma sa allura a gada kasada ce da ba za ta sauya magani ba. Hujjar tana da ma'ana ga yaro ɗaya, amma ta toshe ƙofar bincike ga kowa.

Abubuwa biyu suka buɗe ƙofar. Likitocin tiyata a asibitin Necker da ke Faris suka dawo da ɗebo naman da siririyar allura wadda kwamfuta ke yi wa jagora, suka nuna ana iya yi ba tare da an nakasa yawancin yaran ba. Sannan iyaye suka fara ba da ƙarin 'ya'yansu bayan rasuwa domin bincike. Daga irin wannan kyauta ne Michelle Monje ta jami'ar Stanford ta fara rainon ƙwayoyin DIPG a ɗakin gwaji. Duk wani ci gaba da za a ambata nan gaba, a kan wannan sadaukarwa aka gina shi.

A 2012 sai ga amsar da ake nema, daga asibitin St. Jude a Amurka da kuma jami'ar McGill a Kanada. Kowace ƙwayar halittar jikinmu tana ɗauke da zaren gado mai tsawon kusan mita biyu, an nannaɗe shi a jikin wasu ƙananan furotin da ake kira histon, kamar yadda ake naɗe zare a mazari. Yadda aka ɗaure zaren shi ke yanke hukuncin wane umarni za a karanta, wane kuma zai zauna a kulle. A kusan kashi 80 cikin ɗari na masu DIPG, an sami tuntuɓe guda tak a histon mai lamba H3: a gurbi na 27, wani sinadari ya maye gurbin wani. Shi ake rubutawa H3 K27M. Wannan ɗan canji yana gurgunta injin da ke sa makulli a kan umarnin da ya kamata su yi shiru, sai ƙwayar ta kasa balaga, ta tsaya a ƙuruciya tana ta hayayyafa. Har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake wa cutar rukuni a 2016, ta haɗa ta da sauran ƙarin da ke da wannan canji a tsakiyar ƙwaƙwalwa da laka, ko da ba a gada suka fito ba. A riƙe wannan magana ta sabon rukuni, za mu dawo kanta.

Sanin maƙiyi daban, isa gare shi daban. Jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa suna da wani shinge matsattse da ke tace abin da zai shiga, kuma a DIPG shingen nan yawanci yana nan daram, ba kamar wasu sankarorin da ke fasa shi ba. Maganin panobinostat misali ne: a 2015 an ga yana kashe ƙwayoyin ƙarin a kwanon gwaji, aka yi ta murna, amma a jikin yaro kaɗan ne ke tsallake shingen, in an ƙara yawansa kuma sai ya taɓa jini. Shi ya sa wasu masu bincike suka koma neman hanya maimakon neman sabon magani. A birnin New York, Mark Souweidane ya riƙa zura siririn bututu har cikin gadar yana tura magani a hankali na tsawon sa'o'i, kuma rahotonsa na 2018 kan yara 28 ya nuna ana iya yin haka lafiya. Wasu suna gwada buɗe shingen na ɗan lokaci da igiyar sauti da aka saita a kan ƙarin.

Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka kammala da ƙuri'a shi ne BIOMEDE, wanda Jacques Grill na cibiyar Gustave Roussy a Faransa ya jagoranta daga 2014. An ɗebo naman kowane yaro, aka duba halittarsa, aka raba yara 233 tsakanin magunguna uku: erlotinib, dasatinib da everolimus, duk tare da gashi. Sakamakon bai yi daɗi ba. Masu shan everolimus rabinsu sun kai kusan wata 12, sauran kusan wata 10, tazarar da ba ta kai a ce magani ne ya kawo ta ba. Amma a cikinsu akwai wani yaro ɗan Beljiyam da aka gano masa cutar yana da shekara shida, ƙarinsa ya yi ta ƙanƙancewa har ya ɓace daga hoto, kuma a farkon 2024 labarinsa ya zagaya duniya yana da shekara 13. Kanun labarai suka ce an warkar da DIPG. Gaskiyar ita ce yaro ɗaya ya warke a cikin gwajin da bai yi nasara ba, kuma likitocinsa na zaton wani baƙon canji ne a halittar ƙarinsa ya sa maganin ya kama shi. Abin murna ne, abin nazari ne kuma, amma duk wanda ya ce everolimus maganin cutar ne ya wuce gona da iri.

Maganin da ya fi jan hankali shi ne ONC201, wanda yanzu ake kira dordaviprone. Ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya a mako, tana tsallake shingen ƙwaƙwalwa, tana shiga injinan da ke samar wa ƙwayar sankara ƙarfi ta tayar da wani furotin mai suna ClpP, shi kuma ya shiga ragargaza kayan injin ba ƙaƙƙautawa. Tun kafin a amince da shi, labarinsa ya bazu tsakanin iyaye, har wasu suka riƙa zuwa Jamus suna sayen wanda aka harhaɗa a can da kuɗinsu. A ranar 6 ga Agustan 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi amincewar gaggawa da sunan Modeyso, 'yan watanni bayan kamfanin Jazz ya sayi kamfanin Chimerix mai maganin a kan kusan dala miliyan 935. Shi ne magani na farko da aka taɓa amincewa da shi domin ƙarin da ke da canjin H3 K27M.

To, a nan ne ya kamata a karanta da idon basira. An dogara ne a kan marasa lafiya 50 da aka tattaro daga gwaji biyar, babu rukunin da aka kwatanta su da shi. A cikinsu kashi 22 cikin ɗari, wato mutum 11, ƙarinsu ya ragu sosai, kuma raguwar ta ɗore kamar wata goma. Ga cutar da ba ta taɓa jin magani ba, wannan abu ne. Sai dai a cikin mutum 50 ɗin nan ba a sa masu DIPG ba. An cire su ne da gangan, domin ƙarin gada yana da wuyar aunawa a hoto, kuma yawancin waɗanda aka ƙirga manya ne masu ƙari a wasu sassan tsakiyar ƙwaƙwalwa. Ka ga amfanin riƙe maganar sabon rukuni: takardar amincewa ta shafi duk mai canjin H3 K27M daga shekara ɗaya zuwa sama wanda cutarsa ta ci gaba bayan maganin farko, don haka yaro mai ƙari a gada ya shiga ciki, amma hujjar da aka gina ta a kai ba daga irinsa aka samo ta ba. A ganina hukumar ba ta yi laifi ba da ta buɗe ƙofar, da babu gara ba daɗi, kuma maganin ba shi da tsananin illa. Laifin yana wajen masu ba da labarin da suka haɗiye wannan bayani.

Ɗaya hanyar da ta girgiza masana ita ce ta horar da sojojin jiki. Ana ɗebo fararen ƙwayoyin jinin mara lafiya, irin waɗanda ake kira T, a sauya musu halitta a ɗakin gwaji yadda za su gane wata alama da ke jikin ƙarin, a hayayyafa su, a mayar masa. A Stanford, Monje da Crystal Mackall sun zaɓi alamar GD2, wadda ƙwayoyin H3 K27M ke ɗauke da ita jingim. Kashin farko ta jijiyar jini ake ba da shi, sauran kuma kai tsaye cikin ruwan ƙwaƙwalwa. Yadda ake yi: ana dasa wani ɗan ƙoƙon roba mai laushi a ƙarƙashin fatar kai, ana jin tudunsa in an shafa, daga shi bututu ya gangara zuwa kogon da ruwan ƙwaƙwalwa yake. Likita ya soka allura ta fatar, ya tura sojojin. Ta nan ɗin kuma ake zuƙe ruwa in matsi ya yi yawa, kuma yakan yi, domin idan faɗa ya kaure tsakanin sojoji da ƙari wurin kumbura yake yi, gada kuwa ba ta da sararin kumbura. Gaba kura baya sayaki ke nan: alamar magani na aiki ita ce kuma abin da zai iya tsayar da numfashi. Shi ya sa ake yin wannan aiki kusa da ɗakin kulawa ta musamman.

A rahoton Nuwamban 2024, cikin mutum 11 da aka ba maganin, 9 sun sami sauƙi a jiki ko a hoto, 4 ƙarinsu ya ragu da fiye da rabi, ɗaya daga cikin huɗun nan ma nasa ya ɓace ɗungurungum, yana nan lafiya shekara huɗu bayan gano cutar. A asibitin yara na Seattle, Nicholas Vitanza ya bi wata alamar, B7-H3, yana maimaita allurar ta cikin ƙoƙon kai kaɗai. Rahotonsa na farkon 2025 kan mutum 21 ya nuna rabinsu sun kai wata 19.8 daga ranar gano cutar, uku kuma suna raye bayan wata 44 da 45 da 52. A Pamplona ta ƙasar Sifaniya kuwa, tawagar Marta Alonso ta yi wa yara 12 allurar wani bairos da aka sarrafa don ya hayayyafa cikin ƙwayoyin sankara ya fasa su, kafin a yi musu gashi. Rabinsu sun kai wata 17.8, kamar yadda aka wallafa a 2022.

Wata 19.8 da wata 11: duk mai ƙidaya zai ce an kusa ninka rayuwa. Amma a tsaya. Waɗannan duka gwajin matakin farko ne, wanda tambayarsa ita ce nawa jiki zai iya ɗauka kuma wace illa za ta biyo baya. Mataki na biyu ne ke neman alamar amfani, na uku kuma shi ke rabawa da ƙuri'a a kwatanta. Sannan wa ke shiga gwajin farko? Yaron da ya gama gashi, ya murmure, yana iya haɗiya, iyayensa na da halin ɗaukarsa zuwa wani gari su zauna makonni, kuma ya rayu har aka gama sarrafa ƙwayoyinsa. Waɗanda cutar ta fi gaggawa a kansu sun riga sun faɗi a hanya, ba su shiga lissafi ba. Idan ka fara ƙirga daga ranar gano cuta, watannin da yaro ya yi kafin allurar farko duk sun shiga asusun maganin alhali ba shi ya ba da su ba. A gwajin Seattle, in aka ƙirga daga allurar farko, adadin wata 10.7 ne. Ko wannan ma ba abin rainawa ba ne, tunda da dama sun shiga ne bayan ƙarin ya riga ya farfaɗo, lokacin da saura 'yan watanni kawai ake sa rai. Abin nufi dai, lamba ɗaya ba ta ba da labarin duka. Har ila yau an san cewa halittar ƙarin da shekarun yaro suna sauya tsawon rayuwa ko ba magani: masu canji a nau'in H3.1 sukan fi masu H3.3 daɗewa, haka ma yara 'yan ƙasa da shekara uku. A rukunin mutum 12, irin waɗannan guda uku sun isa su ɗaga alƙaluma.

Ni abin da ya fi gamsar da ni ba matsakaicin adadin ba ne, ɗaiɗaikun nan ne da suka wuce shekara uku da huɗu, da hotunan da aka ga ƙari ya narke. Sa'a da zaɓen marasa lafiya na iya ƙara watanni a lissafi, amma da wuya su sa ƙarin gada ya ɓace daga hoto.

Iyaye kan yi fargabar kada a mai da ɗansu zakaran gwajin dafi, fargabar kuma tana kan hanya. Gwaji na gaskiya yana da rajista a bainar jama'a, kwamitin ɗa'a ya duba shi, ana karanta wa iyaye illolinsa kafin su sa hannu, suna da ikon janyewa ran da suka ga dama, kuma galibi ba a sayar musu da maganin da ake gwadawa. Wanda ya kamata a guje wa shi ne mai karɓar maƙudan kuɗi a kan haɗin da ya ƙi bayyana abin da ke ciki, ya kuma ƙi wallafa yawan waɗanda suka rasu a hannunsa. Akwai kuma wani ciniki da ba a cika faɗa ba: shiga wani gwajin yakan rufe ƙofar wani, kuma kowane mako da aka yi a ɗakin asibiti an cire shi ne daga 'yan watannin sauƙin da gashi ya samar. Iyalin da suka zaɓi komawa gida da kulawar rage raɗaɗi ba su gaza ba.

Amincewar gaggawa bashi ce, sai an biya ta da hujja, in ba haka ba hukuma na iya janye ta. Gwajin da aka ɗora wa biyan bashin dordaviprone shi ne ACTION, na mataki na uku, mai neman mutum kusan 450 da suka gama gashi, a raba su gida uku da ƙuri'a: masu sha sau ɗaya a mako, masu sha sau biyu, da masu shan ƙwayar wofi wadda ba magani a cikinta. Tun da maganin ya shiga kasuwa, shawo kan iyali su yarda da ƙuri'ar da za ta iya jefa su rukuni na uku ya ƙara wuya. Kuma shi ma ACTION bai ɗauki masu ƙari a gada ba. Wanda ya ɗauke su shi ne BIOMEDE kashi na biyu, da aka fara a 2022, inda ake kwatanta ONC201 da everolimus kai da kai, kowanne tare da gashi, babu mai shan ƙwayar wofi. Ga yaron nan mai karkataccen ido, daga irin wannan gwaji ne za a san ko ƙwayar mako-mako tana ƙara masa kwana.